Injin walda mai Onan yana mutuwa idan ya ɗau zafi, ƙaramar taraktar lambu kuma ta ƙi tashi

Mai Walda Kakuri ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Shawara nake nema kan injuna biyu.

Na farko injin walda ne Miller Bobcat 225, ɗan Beljiyam, mai injin fetur Onan P218 silinda biyu. Da safe bugu ɗaya yake tashi, kuma yana cin sandar walda geji 12 lafiya lau. Amma da an yi minti goma sha biyar zuwa ashirin ana aiki da geji 10, wadda ta fi kauri, sai ya fara hawa da sauka, ya yi tari ta salansa, ya mutu. Ba ya sake tashi sai ya huta kamar rabin awa. An canja fulogi biyun, an wanke kafireta sau biyu, an zuba sabon baƙin mai. Ba abin da ya canja.

Na biyu ƙaramar tarakta ce ta lambu mai injin Kohler K301, doki 12, tana wani lambu a bakin kogin Kaduna. Tun ƙarshen damina take ajiye. Kik yana juya ta amma ba ta kamawa. Kafin a ajiye ta tana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi, kuma akwai danshin mai a wajen iyakilina, wato matatar iska.

Ta ina za a fara? Allah ya saka da alheri.

Bakanike Tsohuwar Panteka ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ka ƙyale kafiretar nan ta huta tukuna. Injin da yake tashi da sanyi ya mutu da zafi, a lokacin da ya mutu ake kama shi, cikin minti ɗaya ko biyu. Idan ka bari ya huce, duk abin da ka auna zai nuna maka lafiya. Saboda haka tun kafin ka tayar da shi ka ajiye kayan gwaji kusa: fulogi guda mai kyau, sifanar fulogi, mita, da kwalba fara mai tsabta.

Tun yana hawa da sauka, kafin ya mutu, yi abu biyu. Sassauta murfin tanki. Idan ka ji iska ta shiga kuma injin ya daidaita, ɗan ramin numfashin murfin ne ya toshe da ƙura, tanki ya riƙe mai ya hana shi sauka. Idan ba haka ba, ja cok zuwa rabi. Ya daidaita? To mai ne yake masa kaɗan ko iska ce take masa yawa, sai a bi layin mai da manifol, wato bututun da ke kai mai da iska daga kafireta zuwa silinda. Idan cok ya ƙara shaƙe shi, ko bai canja komai ba, hankalinka ya koma kan wuta.

Da zarar ya mutu, zare wayar fulogi ɗaya, sa fulogin gwajin, manna shi da jikin inji, ɗaya wayar kuma ka bar ta a kan nata fulogin, a buga kik. Dalilin barin ɗayan shi ne kwayil ɗin Onan, mai tura wa fulogi wuta, baki biyu gare shi, fulogan biyu tare suke ba da wuta, wutar tana fita ta ɗaya ta dawo ta ɗayan. In ka bar waya ɗaya tana lilo kana buga kik, kana iya ƙona kwayil da hannunka. Wutar da ake so shuɗiya ce mai ƙara. Ja-ja mai rauni, ko babu gaba ɗaya, ta nuna kwayil ko ɗan akwatin wutar da ke bayan filawil.

Don ka raba su, duba da mita ko wutar batir mai ƙarfin bolt 12 tana zuwa ƙafar kwayil mai alamar + lokacin da makulli yake a buɗe da kuma lokacin buga kik. Idan babu, kwayil ba shi da laifi, bi makulli da fiyus da suwic ɗin matsin baƙin mai. Wannan suwic ɗin mutane suna mantawa da shi: mai ya yi zafi ya tsinke, matsi ya sauka, sai ya kashe inji. Kada ka haɗe wayarsa ka ci gaba da aiki, sa agogon awo ka ga ainihin matsin, domin watakila gaskiya yake faɗa maka. Idan wuta tana zuwa, cire wayoyin kwayil ka auna shi yana da zafi: tsakanin ƙananan ƙafafun biyu om 2.9 zuwa 3.6, tsakanin manyan bakunan biyu om 14,500 zuwa 19,800. Kwayil mai tsinkewar ciki da sanyi yana nuna daidai, da zafi mita ta nuna a buɗe. Gargaɗi ɗaya: kada wutar batir ta taɓa ƙafar kwayil mai alamar – kai tsaye, nan take take kashe akwatin wutar, kuma samunsa a Kaduna aiki ne, don an daɗe da daina ƙera waɗannan injunan.

Idan wuta tana nan lafiya, kwance notin ƙasan kofin kafireta ka tare da kwalbar. Kofi a bushe ko mai ɗan kaɗan na nufin mai ba ya isowa. Ka bar abin da ya zubo ya kwanta, ruwa yana taruwa a ƙasa kamar ƙwallo. Daga nan zare tiyo daga kafireta, sa shi a kwalba, a buga kik, ya kamata mai ya riƙa tsartuwa da ƙarfi, bugu-bugu. Famfon man irin wannan injin numfashin cikin bulok ne yake motsa fatarsa, don haka ɗan tsagewa a tiyon da ke kai masa numfashin ya isa ya raunana shi. In fatar ta huje kuma fetur yana gangarawa cikin baƙin mai, sai ka ga sandar awo ta haura kuma tana warin fetur. In za ka sa famfon lantarki a madadinsa, nemi mai ƙaramin matsi, psi 2 zuwa 4. Famfon motar injekta yana haura psi 40, zai danne fulot, wato abin da ke iyo a kofin kafireta ya tare mai in ya cika, ya cika silinda da mai.

Yi waɗannan ka dawo mana da sakamako.

Na Rigasa Mai Janareta ya rubuta:

Duk abin da Oga ya faɗa haka ne, amma ni ban wanke kafiretar daga zargi ba. Wankin da yawanci ake yi shi ne a cire kofi, a watsa fetur, a hura da baki, a mayar. Hawa da sauka sau da yawa daga ƙaramin jet ne da ƙananan ramukan da ke kusa da faifan totur, waɗanda sai an cire jet ɗin an bi su da siririyar wayar tagulla guda ɗaya daga cikin kebul, sannan a hura da iskar kwamfireso. Kada a sa allura ko wayar ƙarfe, suna faɗaɗa rami, daga nan inji ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada.

Kuma in tanki yana da tsatsa, ko sau goma ka wanke kafireta aikin banza ne. Sauke tankin, zuba tsakuwa mai tsabta ko ƙananan notuna da kananzir, girgiza sosai, ɗauraye, shanya ya bushe ƙarau. Sa sabon tiyo da filta fara wadda ake ganin cikinta. Duba kada tiyon ya bi kusa da salansa, zafi yana tafasa fetur a cikinsa ya zama tururi, famfo kuma ba ya jan tururi. Man galan na bakin titi kuma a tace shi da ƙyalle kafin ya shiga tanki.

Mai Walda Kakuri ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Ga abin da aka samu. Murfin tanki bai canja komai ba. Cok rabi ya ɗan taimaka amma bai hana shi mutuwa ba. Wuta shuɗiya ce bayan ya mutu, kofin kafireta cike yake, babu ruwa. Abin da na lura: fulogin hagu fari fat, na dama ruwan ƙasa. Kuma da zafi kik yana juya shi da sauƙi fiye da da sanyi, akwai wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe a gefen hagu.

Baba Injiniya Tudun Wada ya rubuta:

Yaro, kashe injin nan, kada ka sake tayar da shi sai an buɗe gefen hagu. Alamun nan uku da ka kawo wuri ɗaya suke nunawa. Farin fulogi a gefe ɗaya yana cewa silindar tana shan iskar da ba ta bi ta kafireta ba, ko tana yin zafi fiye da ƙima. Sauƙin juyawa da zafi yana cewa matsi yana zurarewa. Ƙwanƙwasar kuma ita ce ta fi damuna.

Bulok ɗin Onan na alminiyam ne, bawul suna jikin bulok a gefen silinda, mazauninsu kuma zoben ƙarfe ne da aka dasa a ciki. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi. In silinda ta yi zafi da yawa sai ramin ya saki zoben, ya riƙa rawa, bawul ya kasa rufewa. In ta huce ramin ya sake kama shi, inji ya tashi kamar ba abin da ya faru. Sanannen ciwon waɗannan injunan ke nan. In aka ci gaba da aiki a haka, zoben yana cinye ramin har ya wuce gyara.

Fara da awon matsi da sanyi, fulogai biyu a cire, ƙaramar wayar + ta kwayil a zare, totur a buɗe. Lafiyayyen P218 yana ba da psi 75 zuwa 115, kuma kada bambancin silindar biyu ya yi yawa. Sannan cire tof, wato murfin kan silinda, na hagu. Juya inji har bawul ya buɗe, sa ɗan yatsa ko bakin sukundireba ka taɓa zoben. Ko ɗan motsi bai kamata ya yi ba. Baƙin layi a kewayensa shi ma shaida ne. In ya saki, gyaran kirki shi ne masu injin yankan ƙarfe su faɗaɗa ramin su dasa zoben da ya fi shi kauri. Dandaƙa gefen ramin da fanci yana riƙewa na ɗan lokaci in abin bai yi nisa ba, amma ban ɗauke shi gyara ba.

In zoben yana nan daram, ka yi sa'a, sai ka auna tazarar bawul. Da sanyi ake yi, fistin yana ƙololuwa a bugun matsi. Na shigar mai milimita 0.13, na fitar hayaƙi milimita 0.33. Murfin tafet, inda ake saita tazarar, yana ƙarƙashin manifol, dole ka cire shi. Tazarar tana raguwa da tsufa saboda bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, in ya yi zafi ya ƙara tsawo sai ya daina rufewa. Wannan kaɗai yana kawo duk abin da ka lissafa, ban da ƙwanƙwasar.

Tunda manifol zai fito, duba shi da kyau. Ɓari biyu ne aka manne, kuma ɗinkin yana buɗewa da shekaru, iska ta riƙa shiga gefe ɗaya. Toshe bakunansa, hura iska kaɗan, shafa ruwan sabulu a ɗinkin, kumfa za ta nuna maka. Ana raba shi a goge a sake mannewa da gam mai jure fetur, silikon na gama-gari fetur yana narkar da shi. Sa sababbin gaskit a inda yake haɗuwa da bulok.

Kada ka mayar da komai sai ka gano abin da ya kawo zafin tun farko. Cire duk kwanon da ya rufe injin. Tsakanin haƙarƙarin silinda za ka tarar da ƙurar hunturu ta haɗu da yoyon mai ta zama laka, wani lokaci har da gidan zanzaro ko sheƙar ɓera. Kankare, wanke da kananzir, hura. Gyara inda man yake yoyo, in ba haka ba wata biyu ya sake toshewa. Sannan mayar da kwanon gaba ɗaya, har da robar da ke kewaye da filtar baƙin mai. Masu cire kwano wai don inji ya sha iska kashe shi suke yi, kwanon ne yake tilasta wa iskar fanka bi ta jikin silinda. Kankare gawayin kan fistin da na tof, sa sabon gaskit, ɗaure notuna a gicciye kaɗan-kaɗan zuwa wajen Nm 20. Tazarar bakin fulogi milimita 0.64.

Mai Waya Kawo ya rubuta:

Ƙari kaɗan ta ɓangaren walda, don bayan an haɗa inji a nan ake sake ɓata shi.

Wannan na'urar ta Amurka ce, an yi ta ne a kan Hz 60, wato juyi 3,600 a minti. Wutarmu ta nan Hz 50 ce, shi ya sa wasu suke sassauta gwamna, wato na'urar da ke riƙe gudun inji, su mayar da ita juyi 3,000. Kuskure ne. Wutar walda tana raguwa, sanda ta riƙa mannewa, fanka ta rage iska, inji ya riƙa aiki cikin wahala yana tara zafi. Mai yiwuwa ma abin da ya fara kawo matsalar ke nan, a duba ko an taɓa sifirin ɗin gwamna. Sa mita mai auna Hz a soket: ba kaya ta nuna 61 zuwa 62, da kaya ta sauko wajen 60. Garanda da abin huda ƙarfe masu burushi ba ruwansu da bambancin Hz, motar famfon ruwa ce da irinta za su yi gudu fiye da ƙa'ida.

Don ka san ko hawa da saukan daga na'urar rage gudu ne, ɗauke makunni daga wurin da inji yake sauka da kansa ka kai shi wurin gudu tsaye. In ya daidaita, duba solonoyid ɗin da ke rage gudun da sandarsa. Ramukan sandar gwamna kuma in sun goge sun yi faɗi, gwamna yana ta neman gudu ba ya samu.

Buɗe bayan janareta ka duba burushi da zoben tagulla. Burushin da ya cinye ya kusa ƙarewa a canja shi, zoben kuma a goge baƙinsa da samfefa mai laushi sosai, inji a kashe, ana juyawa da hannu. Geji 10 amfiya 90 zuwa 130 yake so, ba komai ba ne a wurin wannan injin in yana da lafiya. In sai ka murɗa ya haura haka kafin ya ci, duba kebul da maƙalin da ake kamawa a jikin ƙarfe, duk mahaɗar da ta yi zafi a hannu wuta take ci.

Bakanike Tsohuwar Panteka ya rubuta:

An bar tarakta a baya. Ita tata mai sauƙi ce, K301 bulok ɗin ƙarfen zubi ne, yana da haƙuri.

Inji mai kwantak, wato bakin ƙarfe biyu da ke buɗewa su rufe don a samu wutar fulogi, da ya kwana watanni a danshin bakin kogi, kwantak ɗin ake fara dubawa. Yana cikin ɗan murfi a gefen bulok. Bakinsa yana yin tsatsa ko fari-fari. Goge da samfefa mai laushi, sannan ja farar takarda mai tsabta a tsakani har ta fito ba datti. Juya inji har ya buɗe iyakar buɗewarsa, saita da fila geji, ma'aunin tazara, a milimita 0.5. Tazarar nan ita ce lokacin wuta, ba wani wurin saiti. Mai son daidai sosai ya leƙa ramin da ke jikin kwanon fanka, kwantak ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar S ta filawil ta zo tsakiyar ramin. In ka tarar da mai a cikin murfin, ɗan sandan da ke tura kwantak ne ya goge, a canja shi, in ba haka ba mai zai riƙa ɓata bakin.

Waya daga makulli tana zuwa + na kwayil, kwantak da kwandansa kuma dukkansu a – suke. Ana yawan juya su. Kwandansa ya manne da ƙarfe mai tsabta. In za a canja kwayil, a nemi na bolt 12 mai om 3 zuwa 5 a ƙananan ƙafafu, na mota mai om ɗaya da rabi yana ƙona kwantak cikin kwanaki. Barin makulli a buɗe inji a kashe shi ma yana dafa kwayil. Fulogi milimita 0.9.

Tsohon fetur a zubar, daga tanki har kofi. Fulot ɗin tagulla ne, girgiza shi kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje. Babban allurar saiti a murɗa ta a hankali har ta taɓa, kada a matse, a dawo da ita zagaye biyu a matsayin mafari, in inji ya ɗau zafi a daidaita. Kama sandar totur ka girgiza, in tana kaɗawa a raminta iska tana shiga ta nan, kuma ba zai taɓa tsayawa daidai a ƙaramin gudu ba sai an sa mata bushi.

Kada awon matsi ya ruɗe ka a wannan injin. Yana da abin da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin kik don ya yi sauƙin juyawa, saboda haka agogo zai nuna ƙasa ko da lafiyarsa ƙalau. Tazarar bawul da sanyi: na shiga milimita 0.20 zuwa 0.25, na fita 0.43 zuwa 0.48. In ya ƙi kamawa kuma yana juyawa sakayau, bawul ne ya maƙale a buɗe saboda tsatsa, cire tof ka ɗiga masa mai ka taɓa shi a hankali da guduma ta roba.

Hayaƙi da danshin mai kuma, kafin a ce ringi, buɗe mashaƙar bulok da ke kan murfin bawul. Akwai siririn faifan ƙarfe a ciki da ɗan ramin da mai ke komawa. In faifan ya lanƙwashe ko ramin ya toshe, bulok yana tara iska ya tura mai waje ta ko'ina. Duba kuma ko an cika baƙin mai ya wuce alama. Yana cin kusan lita biyu, amma sandar awo ce alƙali. Ba shi da famfon baƙin mai ba shi da filtarsa, ɗan cokali ne a ƙasan kwanrod yake watsa man, shi ya sa ake canja shi duk awa 25, kuma in ya yi ƙasa ko aka yi aiki a gangare mai tsanani kwanrod ne yake tafiya. Kada gudunsa ya wuce 3,600.

Na Rigasa Mai Janareta ya rubuta:

Wane mai za a zuba musu? Littafinsu SAE 30 yake cewa a lokacin zafi, shi kuma ba ko'ina ake samunsa a nan ba.

Baba Injiniya Tudun Wada ya rubuta:

15W-40 na injin dizal ya yi wa Onan, SAE 40 kuma ya yi wa Kohler a zafin Maris da Afrilu. Na jarka mai hatimi, ban da na awo. Onan a canja masa duk awa 50, da hunturu a rage zuwa rabi. Soson da ke kewaye da iyakilina a wanke shi da ruwan sabulu, ya bushe, a ɗiga masa mai kaɗan a matse. Filtar takarda ta iyakilina kuma ba a wanke ta da fetur, ba a hura ta da iska mai ƙarfi, a bubbuga ta a hankali, in an ɗaga ta a rana haske bai ratsa ba a canja. Shafa yatsa a cikin maƙogwaron kafireta bayan ka cire ta, in ka ji ƙura to tana wucewa ta gefen roba, a duba zamanta.

Kai kuma mai Bobcat, in ka buɗe tof ɗin hagu ka ɗauko hoton zoben bawul ɗin hayaƙi da na saman fistin ka sa mana a nan kafin ka kai wa kowa bulok.